Wa ya san tarihin Har Gobind Khorana? Na Indiya ne ko na Amurka?

Ɗalibin Bayokem ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah ina neman wanda ya san tarihin wani masanin kimiyya mai suna Har Gobind Khorana ya ɗan warware min. Sunansa ya fito mana ne a darasin yadda DNA ke haɗa furotin, malamin ya ambace shi sau ɗaya tare da Nirenberg da Holley ya ce sun ci Nobel a 1968 shikenan ya wuce abinsa. Da na leƙa sai na ga an haife shi 1922 ya mutu 2011, shekara 89 kenan a duniya, kuma a cikinsu 23 kacal ya yi a gida, sauran duk a ƙasar mutane, can ya auri baturiya can ya haifi 'ya'yansa can ya karɓi takardar zama ɗan Amurka kuma can ya mutu.

Tambayata biyu ce. Ta farko wai me ya yi ne takamaimai da har ya kai ga Nobel, a yi min da Hausa yadda kai zai ɗauka don na littafi ya ƙi zama. Ta biyu kuma ita ce muka yi ta musu da abokaina a hostel har dare, mutumin da gwamnatin ƙasarsa ta biya kuɗi ta tura shi karatu ya ƙi dawowa, ya dace a riƙa kiransa gwarzon Indiya? Ni dai a ganina na Amurka ne kawai.

Tsohon Malamin Kemistri ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Bari in fara da ta biyun don akwai gyara a ciki tun kafin a yi nisa. Mutumin nan bai ƙi dawowa ba. Ya dawo, aiki ne bai samu ba. Amma sai mun faro daga tushe kafin ka gane.

Ƙauyen da aka haife shi sunansa Raipur, a yankin Multan na lardin Punjab, lokacin duk Indiya na hannun Turawan Ingila. Ƙauye ne ɗan mitsitsi, mutanen ciki ba su fi wajen 100 ba, kuma a tarihinsa da ke wurin kwamitin Nobel an rubuta cewa gidansu ne kusan kaɗai aka iya karatu da rubutu. Babansa ƙaramin ma'aikacin haraji ne, shi ke riƙe da littafin gonakin ƙauye, patwari suke ce wa mai wannan aikin. Talaka ne amma ya dage sai 'ya'yansa biyar sun yi karatu, Gobind shi ne auta. Karatun farko a gindin bishiya ya yi shi don ita ce makarantar garin. Ko ranar haihuwar da kake gani, 9 ga Janairu 1922, ta takarda ce, ainihin ranar ba wanda ya rubuta, wannan kam mu ba sai an yi mana bayani ba.

Daga nan ya tafi sakandaren D.A.V. da ke Multan, sai Jami'ar Punjab a Lahore, digirin farko 1943, na biyu 1945. A 1945 ɗin ne ya samu sikolashif ɗin gwamnati ya tafi Ingila, Jami'ar Liverpool, ya yi digirin digirgir a kemistri ƙarƙashin Roger Beer ya gama 1948.

To ga abin da ku da abokanka ba ku sa a lissafi ba. Yana Liverpool yana karatu, a watan Agustan 1947, aka raba Indiya gida biyu. Multan da Lahore da ƙauyensu duk suka faɗa ɓangaren Pakistan, su kuma danginsa 'yan Hindu ne, dole suka kwashi abin da za su iya ɗauka suka tsallaka ɓangaren Indiya a matsayin 'yan gudun hijira, cikin mutum sama da miliyan 10 da rabuwar nan ta tayar daga gidajensu, Musulmi suna yin can Hindu da Sikh suna yin nan, an yi kashe-kashe ba na wasa ba. Ka duba fa, yaro ya bar gida da niyyar dawowa, kafin ya gama karatu gidan ma ya koma wata ƙasa. Bai sake taka ƙauyen nan ba har ya mutu. Don haka in ka ce ya ƙi komawa gida sai in tambaye ka wane gidan.

Bayan Liverpool ya wuce Zurich a Suwizalan wurin Vladimir Prelog, wanda shi ma baƙo ne a can, haifaffen Sarajevo ne, shi ma daga baya ya ci Nobel a 1975. Kusan shekara guda ya yi a ɗakin gwaje-gwajen Prelog ba albashi ba alawus, ɗan abin da ya tara yake lallaɓawa da shi. A nan ne yana tonon tsofaffin mujallun kimiyya na Jamusanci ya ci karo da wasu sinadarai da ake kira carbodiimide waɗanda kusan an manta da su, kuma su ne suka zama makaminsa na ɗinka ƙwayoyin DNA shekaru bayan haka. Ni wannan shekarar ta yunwa ta fi burge ni a duk tarihinsa wallahi, don ba wanda ya aike shi.

Kuɗi suka ƙare ya koma Indiya a 1949. Ƙasa sabuwa, ga 'yan gudun hijira ko'ina, ga danginsa su ma suna neman inda za su sa kansu, ya nemi aiki bai samu ba. Sai aka ba shi gurbin bincike a Cambridge, ya koma Ingila ya yi 1950 zuwa 1952 a ƙarƙashin Alexander Todd, wanda a lokacin shi ne gaba a binciken sinadaran da suka haɗa DNA. A 1952 wani Gordon Shrum ya kira shi Vancouver a Kanada, kayan aiki kaɗan ne amma an ce masa ya yi duk binciken da ya ga dama. Shekara 8 ya yi a can, 1960 ya koma Jami'ar Wisconsin a Madison, 1966 ya zama ɗan Amurka, 1970 ya koma jami'ar MIT da ke wajen Boston inda ya zauna har ritaya a 2007. Bayanin aikin kuma na bar wa matasa masu jini a jika, nawa ya kwana biyu.

Na Leb ya rubuta:

Malam Allah ya ƙara lafiya, ka gama da tarihi. Bari in gwada ɓangaren aikin. Ɗan uwa ka natsu abin ba wuya.

DNA haruffa huɗu gare shi, A, T, G, C. In za a yi furotin sai a kwafi saƙon zuwa RNA, shi kuma maimakon T sai ya sa U. Furotin kuma ana gina shi ne da amino asid iri 20. Matsalar da ta hana mutane barci bayan Watson da Crick sun fito da siffar DNA a 1953 ita ce, ya haruffa 4 za su faɗi abu 20? In harafi ɗaya ɗaya ne 4 kawai za ka samu, in bibbiyu ne 16, bai kai ba, in uku uku ne 64, ya kai har ya yi yawa. Toh kowa na zargin uku ne amma zargi daban hujja daban, kuma ko an yarda uku ne wane ukun ne ke nufin wane amino asid?

A 1961 Nirenberg da Matthaei suka buɗe ƙofa, suka zuba RNA wanda U ne zalla, UUUUU, a cikin ruwan ƙwayoyin bakteriya da aka fasa, sai ga furotin ya fito wanda phenylalanine ne zalla. Kenan UUU na nufin phenylalanine. Madalla, amma harafi ɗaya zalla abu ne mai sauƙin haɗawa, saura kuma fa?

Nan ne Khorana ya fi kowa. Shi asalinsa ɗan kemistri ne, ya shafe shekarun Vancouver yana koyon yadda ake ɗaura harafi kan harafi da hannu a jerin da mutum yake so, kaman mai shirya carbi yana zura ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, ya san wacce ke bin wacce. Sai ya haɗa gajeren DNA ya yi amfani da enzayim ya tsawaita shi ya kwafe shi zuwa RNA mai maimaita UC, wato UCUCUCUCUC. Furotin ɗin da ya fito serine, leucine, serine, leucine ne suna karɓa-karɓa. Ka yanka shi uku uku da kanka ka gani, UCU CUC UCU CUC. Da bibbiyu ake karantawa UC UC UC za ka samu, amino asid iri ɗaya kawai zai fito. Ka ga hujja kenan. Sannan ya yi masu maimaita uku, irin AAG AAG AAG, sai ya samu furotin iri uku daban daban, ya danganta daga inda aka fara karatun, AAG ko AGA ko GAA. Sannan masu maimaita huɗu. Da wannan da aikin su Nirenberg, zuwa 1966 an cike teburin nan da kuke haddacewa, 64 cif, 61 na amino asid, 3 kuma UAA, UAG, UGA na nufin a tsaya nan. Shi kuma Holley nasa aikin a kan tRNA ne, ɗan aiken da ke ɗauko amino asid ya kawo, a 1965 ya fito da cikakken jerinsa. Shi ya sa aka haɗa su uku a 1968. Khorana yana da shekara 46 lokacin.

In kana son ka ga amfanin teburin a kusa da mu ka duba sikila. Harafi ɗaya ne ya canza a cikin ƙwayar gadon haemoglobin, GAG ya koma GTG, sai amino asid na 6 ya tashi daga glutamic asid ya koma valine, shi ne duk wahalar da yaran nan ke sha. Ba don teburin ba ba yadda za ka kalli harafin ka faɗi abin da zai haifar.

Kuma abin da ni ya fi ɗaure min kai, mutumin bai zauna cin Nobel ba. A 1970 shi da yaransa suka sanar sun haɗa ƙwayar gado ta farko a duniya da hannun ɗan adam, mai haruffa 77, ta tRNA ɗin da Holley ya karanta. A 1976 a MIT suka haɗa wata suka sa ta cikin bakteriya mai rai ta yi aiki. Shekaru aka kwashe ana wannan da tarin mutane, abin da yau za ka yi oda ta intanet kamfani ya aiko maka cikin 'yan kwanaki. Duk gwajin PCR, wato hanyar ninka DNA ya yi yawa har a iya gano shi, da aka yi ta yi lokacin korona, da wanda ake yi na zazzaɓin Lassa, da gajerun DNA na haɗi ake yinsu, firaima muke ce musu, kuma wannan sana'ar daga hannunsa ta taso. Wani ɗan Norway a leb ɗinsa, Kjell Kleppe, ya ma rubuta tunanin da ya yi kama da PCR tun 1971, shekaru kafin Kary Mullis ya fito da shi. Abin dariya a 1993 da aka bai wa Mullis Nobel, wanda aka haɗa su tare Michael Smith ne, yaron Khorana na Vancouver.

Yana haura 50 kuma sai ya ajiye DNA ɗin gaba ɗaya ya koma sabon fage, furotin ɗin da ke kama haske, ya fara da bacteriorhodopsin na bakteriya ya gangaro rhodopsin na idon mutum, har da binciken cutar idon nan ta gado da ke farawa da dundumi. A kan wannan ya ƙare aikinsa.

Maman Biyu ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari Malam da Na Leb, na ƙaru sosai. Amma ku maza haka kuke, an yi ta lissafin jami'o'i da lambobin yabo ba wanda ya ce uffan kan matar gidan, bayan shi ɗalibin da bakinsa ya kawo maganar ya auri baturiya kaman wani laifi ne.

Sunanta Esther, 'yar Suwizalan ce, sun yi aure 1952, shekarar da ya tafi Kanada. Ku je ku karanta ɗan tarihin nasa na Nobel, gajere ne, mutumin da ba shi da yawan magana amma sai da aka ware mata wuri a ciki, aka ce ta shigo rayuwarsa ne a lokacin da ya yi shekara shida rabonsa da ƙasar haihuwarsa, duk inda ya je jin kansa yake baƙo kuma ba inda yake jin nan ne gida, ita ta tsayar masa da hankali wuri ɗaya. Ni da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru. Namiji ɗan shekara 30, garinsu ya tafi, ƙasarsa ba ta ba shi aiki ba, Ingila ba tasa ba ce, me ya rage masa in ba gidan da zai gina da kansa ba?

Kuma ku tuna ita ma fa baƙuwa ce. Ta bar iyayenta da yarenta ta bi shi Vancouver, can ƙarshen Kanada bakin teku, ba danginta ba danginsa. Haihuwar fari 1953, ta biyu 1954, mata biyu a jere ba ko tazara, sai namiji 1958. Ba kaka ba goggo ba wadda za ta zo wankan jego, miji kuma kun dai ji irin aikin da yake yi, irin wanda ake kwana a leb. Yara na fara wayo aka ce a tattara a koma Madison, shekara 10 aka sake cewa a tattara a koma wajen Boston. Duk wadda ta taɓa tashi da yara uku daga gari zuwa gari ta san ba a takarda ake yinsa ba. Ina da ƙani likita a waje, matarsa ce ke kirana tana kuka in yaro ya kwana da zazzaɓi shi yana dutin dare, shi ya sa abin ya tsaya min.

Sannan ba Nobel kaɗai gidan ya gani ba. 'Yarsu ta biyu ta rasu 1979 tana wajen shekara 25, budurwa, shekara 11 bayan an gama tafin Nobel a Stockholm. Esther ta rasu 2001 bayan shekara 49 suna tare, saura kaɗan su cika 50. Shi kuma ya ƙara shekara 10 a bayanta, shida daga ciki yana zuwa aiki, sai 2007 ya ajiye yana da 85. Ya mutu 9 ga Nuwamba 2011 a garin Concord na jihar Massachusetts, ya bar 'ya mace ɗaya da ɗa namiji ɗaya. Waɗanda suka zauna da shi suna cewa mutum ne mara hayaniya, mai son doguwar tafiya a ƙafa da iyo da sauraron kiɗa.

Don haka ƙanina in ka tambaye ni na ina ne, ni ba fasfo nake kallo ba. Wanda ya binne 'yarsa da matarsa a ƙasa, ba ka isa ka ce masa baƙo ne a wurin ba, kuma ba ka isa ka ce ya tashi yana da shekara 60 ya bar sauran 'ya'yansa ya tafi Delhi don a ji daɗin kiransa ɗan kishin ƙasa ba.

Ɗan Gwagwarmaya ya rubuta:

Hajiya maganarki ta taɓa zuciya, ban musa ba. Amma ku bar ni in zama baƙin zauren nan yau don na ga kowa ya koma yabo.

Na yarda 1949 bai samu aiki ba, laifin Indiya ne wannan, kuma munafuncinsu ya fito fili da ya ci Nobel a 1968 suka yi wuf a 1969 suka maƙala masa Padma Vibhushan, lambar girmamawa ta biyu mafi girma a ƙasar, mutumin da shekara 20 baya ba su da kujerar da za su ba shi. Toh amma bayan 1968 fa? Lokacin da ya ce a gina masa cibiya a Delhi ko Bangalore wa zai ce a'a? Shekara 43 ya ƙara a duniya bayan Nobel, duk MIT da Wisconsin suka cinye.

Ku kwatanta da wasu mana. C.V. Raman a Calcutta ya yi aikinsa, a gida, a ƙarƙashin mulkin mallaka ma, ya ci Nobel 1930 ya kafa cibiyarsa a Bangalore. Abdus Salam ɗan Punjab ɗin ne shi ma, jami'arsu ɗaya a Lahore, ya kafa cibiyar Trieste a 1964 musamman saboda masana daga ƙasashe matalauta, har mutanenmu na Afirka suna zuwa. Ahmed Zewail na Masar yana Amurka amma sai da ya tsaya aka kafa birnin kimiyya mai sunansa a Masar, kuma da ya rasu 2016 gida aka kai shi. Shi Khorana abin da za a nuna shi ne shirin musayar ɗalibai mai sunansa tsakanin Wisconsin da Indiya, wanda sai 2007 aka fara, yana da shekara 85, kuma wasu ne suka shirya.

Kuma ba shi kaɗai ba ne shi ya sa abin ke min ciwo. Chandrasekhar haifaffen Lahore, Chicago ta ci moriyarsa, Nobel 1983. Ramakrishnan ya ci Nobel 2009 yana Cambridge. Kullum talaka ya raini yaro ya koyar da shi, ya girma mai kuɗi ya ɗauke, sannan a dawo ana sa hotonsa a shafin Google kaman yadda suka yi masa a 2018 mu kuma muna tafi. Irin wannan labarin ne yaranmu likitoci ke karantawa su ce ai ga shi nan, tafiya ita ce mafita.

Tsohon Malamin Kemistri ya rubuta:

Ɗan Gwagwarmaya ka kawo hujja mai nauyi, amma misalan naka ba duka ne suke gefenka ba.

Salam da ka ambata ya koma Lahore a 1951 da niyyar zama, ya koyar, ya ga ba abokin tattaunawa ba mujallu ba komai, a 1954 ya tattara ya koma Ingila. Cibiyar da ya kafa kuma a Italiya take ba Pakistan ba. Raman kuma aikinsa kan haske ne, ya fara da hasken rana da gilasai da na'urar duba launuka, abin da mutum biyu uku za su yi a ɗaki ɗaya. Aikin Khorana sai da enzayim masu tsabta, da sinadarai masu fitar da radiyeshon, da sanyi ba yankewa, da gomman ƙwararru shekara da shekaru ana biyansu. Da ya zauna Delhi a 1949 da ya zama malami nagari irina, ya koyar da yara ya yi ritaya, teburin nan kuma wani ne zai cike shi. Wannan ba zagin Indiya ba ne, halin da ƙasar ke ciki kenan shekara 2 da samun 'yanci.

Batun me ya gina kuma, shi ba mai gina bango ba ne, mutane ya gina. Leb ɗinsa cike yake da baƙi irinsa, Indiyawa da Japanawa da Turawa, Uttam RajBhandary ɗan Nepal ya yi aiki da shi a Wisconsin daga baya ya zama farfesa a MIT, Marvin Caruthers da ya fito da hanyar da injinan haɗa DNA ke bi yau shi ma ta hannunsa ya wuce, ga Smith da Na Leb ya faɗa. Kana iya cewa bai isa ba, ra'ayinka ne.

Abu na ƙarshe, sikolashif ɗin da ake ta gori a kai. Shekarar 1945 ce fa. Gwamnatin Indiyar da ta tura shi ta Turawan mulkin mallaka ce, kafin ya dawo ita kanta ta tattara ta tafi.

Ɗan Gwagwarmaya ya rubuta:

Malam na karɓi ta Salam, gaskiya ce a Italiya take. Amma ta sikolashif ban karɓa ba. Bature ne ya sa hannu a takarda, eh, amma ba daga Landan ya kawo kuɗin ba, harajin manoman Punjab ne, irin wanda baban Khorana ɗin ke bi gona gona yana rubutawa. Waɗannan manoman da jikokinsu har yau ba wanda ya biya su, ko suna Pakistan ko suna Indiya.

Ɗalibin Bayokem ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Malam, Anti Maman Biyu, Allah ya saka. Musun dai na ga nan ma bai mutu ba, zan kai wa abokaina duka su karanta. Yaya Na Leb dan Allah ƙara min ɗaya, ka ce ya yi masu maimaita huɗu amma ba ka faɗi me ya fito ba, kuma irinta ce malaminmu ke son kawowa a jarrabawa.

Na Leb ya rubuta:

Ɗauki biro. UAUC ka rubuta sau uku a jere, UAUCUAUCUAUC, ka yanka uku uku, UAU CUA UCU AUC. Duba teburinka, tyrosine, leucine, serine, isoleucine, daga nan sai ya sake zagayowa, kenan furotin mai maimaita amino asid huɗu. Amma wasu masu huɗun sun ƙi ba da dogon furotin sam, 'yan guntaye kawai ake samu masu amino asid biyu ko uku, kuma wannan ne ya ƙara tabbatar da cewa akwai kodon, wato jerin haruffa ukun nan, na tsayawa. Gwada GUAA sau uku da kanka, na farko GUA na biyu AGU na uku AAG, ka faɗa min me ka samu a na huɗu.